Wai me ya sa "pick up" ke da ma'anoni barkatai haka?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimci tambayarka, ka duba ƙamus ya ce maka pick up na nufin ɗauka, sai kuma ka ji wani a labarai yana cewa business is picking up, wani ya ce she picked up French in Paris, mai sharhin ƙwallo kuma ya ce he picked up an injury, shine kake tambaya wai me ake ɗauka a duk waɗannan wuraren, kuma ko akwai hanyar ganewa ba sai mutum ya zauna ya yi hadda ba.

Toh akwai hanya, kuma ni dai bana ba ɗalibi shawarar haddace jerin ma'anoni, domin ko ka haddace yau jibi ka manta, in ma baka manta ba lokacin da Bature ke magana da sauri ba zaka samu damar bin jerin ɗaya bayan ɗaya kana neman wadda ta dace ba.

Turanci yana da wata ɗabi'a ta ɗauko gajeren aikatau ya liƙa masa 'yar ƙaramar kalma irin su up, out, off, on, shikenan sai ma'ana ta juya. Shine abinda suke ce wa phrasal verb. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai abin ke ba wahala, tun a 1755 Samuel Johnson, wani marubuci ɗan Ingila, ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa na Turanci cewa wannan haɗin na daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙi masu koyon harshen. Amma Bahaushe bai kamata ya ji abin ya zame masa sabo ba. Duba ita kanta kalmar ɗauka da ƙamus ya baka: mun ɗauki kaya, direba ya ɗauki fasinja, yaro ya ɗauki hali, an ɗauki cuta, kira ake ta yi bai ɗauka ba, mic ɗin ya ɗauki murya. Ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya koya maka waɗannan ɗaya bayan ɗaya, abinda aka ɗauka shi ke gaya maka wace irin ɗauka ake nufi. To haka pick up yake, kuma abin mamaki duk waɗannan da na lissafa yanzu pick up ɗin ne a Turanci. Inda zaka kiyaye shine ba ko'ina suke tafiya tare ba. Ɗaukar hoto take ne, ɗaukar ma'aikaci hire ne, abu ya ɗauki lokaci take ne, "na ɗauka ka tafi" kuma I thought ne. Ko ɗaya a cikinsu pick up baya shiga.

Asalin ma'anar dai ita ce ka sa hannu ka ɗaga abu daga inda yake ajiye ko yashe. Pick up your shoes, ɗauke takalmanka. She picked up the baby, ta ɗauki jaririn. Ka riƙe wannan hoton a ranka, abu yana nan a wani wuri, ka zo wucewa ka sunkuya ka ɗauka, ba wahala, ba dogon shiri. Mafi yawan sauran ma'anonin daga nan suka fito.

Kafin in wuce akwai kuskuren da nafi gani a wajen masu koyo, wato jefar da up ɗin. Sai kaji an ce pick the phone, ko pick me at the airport, ko he is not picking my calls. Za'a iya gane ka a wasu wurare amma ga ɗan Ingila ko ɗan Amurka pick shi kaɗai zaɓa ne, ko tsinkar fure da 'ya'yan itace. Pick a number, zaɓi lamba. Pick me kuwa zaɓe ni kenan, irin abinda yaro ke faɗa in ana raba 'yan wasa. In so kake a zo a ɗauke ka dole ka ce pick me up. Wannan up ɗin ba ado bane.

Sai batun inda ake ajiye abinda aka ɗauka a cikin jimla, wanda masu nahawu ke ce wa karɓau. In suna ne kana da zaɓi, pick up the book ko pick the book up, duk daidai ne. Amma in wakilin suna ne irin su it, him, her, me, them, us to dole ya shiga tsakiya. Pick it up. Pick them up. Babu pick up it, babu pick up me, kunnen mai harshen baya karɓa sam. In kuma karɓau ɗin dogo ne to ka haɗe pick da up wuri ɗaya ka bar dogon ya biyo baya, misali I picked up the book you left on my desk yesterday. Idan ka kai up can ƙarshen wannan jimlar mai sauraro ya riga ya manta da pick ɗin.

Yanzu mu duba abinda ake ɗauka. In mutum ne, nan ne ya kamata ka buɗe kunne sosai domin ma'ana huɗu ce ke iya fitowa daga jimla iri ɗaya. Ta farko ɗagawa da hannu kamar yadda muka gani da jariri. Ta biyu kuma wadda tafi yawa, zuwa ɗauko mutum, galibi da mota: I'll pick you up at seven, zan zo in ɗauke ka da ƙarfe bakwai. Who is picking up the kids, wa zai ɗauko yara. Kishiyarta drop off, wato saukewa, shi ya sa a filayen jirgi zaka ga an rubuta pick-up a wani gefe, drop-off a wani gefe. Ta uku kamun 'yan sanda, the police picked him up last night, 'yan sanda sun yi awon gaba da shi daren jiya, ba rage masa hanya suka yi ba. Ta huɗu ita ce wadda malamai ke tsallakewa a aji saboda kunya, ni kuma ina ganin gara a faɗa maka don kada ka yi ɓaram-ɓarama: in aka ce he picked up a woman at a party, ba motarsa ya sa ta ba, ana nufin ya haɗu da baƙuwa ya yi mata daɗin baki har suka tafi tare, kuma ba neman aure ake nufi ba. Daga nan aka samo pick-up line, kalaman da namiji ke fara tarar mace da su. Saboda haka in kana ba da labarin ka taimaki wata da mota wadda baka sani ba, ka ce I gave her a lift, ko a ride in da Amurkawa kake magana, ka huta. In matarka ce ko ƙanwarka ko wani da aka san kun yi alkawari, I picked her up from the station ba wanda zai yi wani tunani.

In kaya ne, ko dai karɓowa ko sayowa. I need to pick up my passport, zan je in karɓo fasfo ɗina. Can you pick up some batteries on your way, ko zaka biya ka sayo batir in zaka taho. Ka lura sayen nan ba saye ne na zama a yi shawara ba, na biyawa ne a kan hanya. Shi ya sa ba'a cika faɗin haka a kan gida ko fili ba, in kuwa kaji wani ya ce I picked up a house to ko dai fankama yake ko yana nuna ya same shi a ɓagas.

Inda abin ya fi daɗi a wurina shine idan abinda aka ɗauka ba'a iya taɓa shi da hannu, kuma nan ne misalinka na Faransanci ya faɗo. She picked up French in Paris, ba makaranta ta shiga ba, zama da mutane ne da yau da gobe har ta tsinci harshen. Kalmar tsinta ma ta fi ɗauka dacewa a nan. Bambancinsa da learn ko study kenan, su akwai niyya da zama da littafi, shi kuwa pick up abin ne ya manne maka kana cikin harkarka. You'll pick it up quickly, zaka gane shi nan da nan, abinda ake gaya wa sabon ma'aikaci don a kwantar masa da hankali. Where did you pick up that habit, ina ka kwaso wannan halin, kuma kusan kullum in aka yi wannan tambayar halin ba mai kyau bane. He picked up an American accent, harshensa ya koma irin na Amurkawa ba tare da ya zauna koyo ba. To kaga in mutum ya yi shekara da shekaru yana karatun likita ba zai ce I picked up medicine ba, in ma ya faɗa za'a ɗauka magani ya je ya karɓo a kemis.

Cuta ma haka take, I picked up a cold, na kwaso mura, I picked up an infection while travelling. Ana amfani da shi a kan cutar da ake ɗauka daga wani ko daga wani wuri, ba irin su hawan jini ko ciwon suga ba, waɗannan ba'a picking ɗinsu. Masu sharhin ƙwallo na Ingila kuwa sun mayar da shi gishirin magana, ɗan wasa ya ji rauni he picked up an injury, an ba shi kati he picked up a yellow card, ƙungiya ta ci wasa they picked up three points, an ba wani kyauta he picked up the award. Mai kyau da marar kyau duk pick up ne, ma'anar dai ya fita daga fili da wani abu da bai shigo da shi ba. In kana kallon Firimiya da sharhin Turanci ka kasa kunne, da wuya a gama wasa baka ji shi ba.

Akwai kuma na na'ura da hanci da kunne. The radar picked up a plane, rada ta hango jirgi. The microphone picks up every sound, mic ɗin na ɗaukar ko wane motsi. My phone isn't picking up the wifi, wayata bata ganin wifi ɗin. The dog picked up the scent, kare ya shinshino. The scan picked up a small lump, hoton asibiti ya gano wani ɗan ƙullutu. Idan mutum ne ya lura da wani abu da ba'a fito an faɗa ba sai a ƙara on, ya zama pick up on: she picked up on his bad mood, ta lura ransa a ɓace yake duk da bai ce komai ba. Wannan ba'a raba shi, pick up on it ake cewa, ba pick it up on ba. Sai dai 'yan Birtaniya suna da wani mai kama da shi wanda mutum ke shiga tsakiya, can I pick you up on that, wato tsaya in tare ka a kan abinda ka faɗa, akwai gyara ko ƙorafi. 'Yan jaridarsu na yawan yi wa 'yan siyasa haka a hira.

Duk waɗannan akwai abinda aka ɗauka. To in ka duba jimla ka ga babu karɓau sam, pick up ɗin ya tsaya shi kaɗai, kamar misalinka na farko fa? A nan up ɗin ne ke aiki, abu na tashi sama. Business is picking up, kasuwa ta fara buɗewa. Sales picked up in December, ciniki ya ƙaru a Disamba. The economy is picking up, tattalin arziki na farfaɗowa. Marar lafiya ma ana cewa he's picking up, yana samun sauƙi. Galibi bayan an sha wani ɗan lokaci abu na kwance ne ake faɗin haka, ba a kan abinda dama yana tafiya lafiya ba. Amma kada ka ce kullum alheri ne, the wind is picking up na nufin iska na ƙara ƙarfi, ga wanda ke cikin jirgin ruwa wannan ba albishir bane. Akwai kuma pick up speed, mota ko jirgi ya ƙara gudu, da pick up the pace, a ɗaga ƙafa a yi sauri.

Wuri na farko da wannan dabarar bata aiki shine waya. He's not picking up ba karɓau a ciki amma ba farfaɗowa ake nufi ba, baya ɗaga waya kenan, kowa ya san wayar ce shi ya sa ba'a ambatarta. Ya samo asali ne daga tsohuwar wayar tarho wadda sai ka ɗaga kanta daga mazauninsa kafin ka yi magana, in ka gama ka rataye, shi ya sa har yau kashe kira hang up ne duk da yanzu shafar gilashi kawai muke yi. Wani wurin kuma shine ci gaba da abu bayan an tsaya, let's pick up where we left off, mu ɗora daga inda muka tsaya. A ofis zaka ji let's pick this up tomorrow, mu ci gaba da wannan maganar gobe, wani lokaci ma hanya ce ta ladabi ta cewa taron ya isa haka.

Sauran kuma sun daskare sun zama kamar karin magana, waɗannan kam sai dai ka san su. Pick up the bill, biya wa kowa kuɗin abinda aka ci, Amurkawa sun fi cewa pick up the tab ko the check, kuma ana faɗinsa a manyan abubuwa, taxpayers will pick up the bill, wato a kan masu biyan haraji nauyin zai faɗa. Pick up after someone, bin mutum kana kwashe tarkacen da ya bari, uwa ta ce I'm tired of picking up after you. Ba'amurkiya zata ce wa ɗanta pick up your room, ba ɗakin zai ɗaga ba, gyarawa zai yi, 'yar Ingila kuma tidy your room zata ce. Pick yourself up, ka tashi ka karkaɗe jiki bayan faɗuwa, ko faɗuwar gaske ko ta jarrabawa ko ta kasuwa. Pick up the pieces, tattara abinda ya saura bayan wata masifa a sake gina rayuwa. Pick up the slack, cike gurbin aikin da wani ya bari.

Yana kuma zama suna, a nan sai a haɗe shi, pickup, ko da ɗan layi a tsakiya pick-up. In aikatau ne fa kullum a rabe yake, I will pickup the kids kuskure ne da ko su masu harshen suna yi a rubutu. Pickup ko pickup truck ita ce motar a-kori-kura. Ana kuma ce wa 'yar na'urar da ke jikin gita mai lantarki pickup domin ita ke ɗaukar motsin tsirkiya. Pickup game a Amurka wasan da aka haɗa nan take da duk wanda aka tarar a fili. Pick-me-up kuma duk abinda zai wartsake ka in ka gaji. Wajen furuci, in suna ne nauyin murya na kan pick, in aikatau ne nauyin na komawa kan up.

Tunda na taɓo furuci, abu biyu. Picked ba "pikid" bane, "pikt" ne, gaɓa ɗaya. Kuma suna haɗe kalmomin, pick it up sai ya fito kamar kalma ɗaya, a bakin Ba'amurke ma t ɗin na laushi har kaji kamar "pikirap", shi ya sa da yawa ke cewa basa jinsa a fim alhali ana ta faɗa. Na biyu kuma namu ne, tunda harshenmu bai raba p da f ba, up na iya fitowa kamar off, kuma pick off wani abu ne daban, harbe mutane ko dabbobi ɗaya bayan ɗaya daga nesa kenan. Ka rufe leɓɓanka gam a ƙarshen up, kada ka bar iska ta fita ta tsakaninsu.

Wani zai ce to ai gara in guje shi in yi amfani da manyan kalmomi. A rubutu na hukuma ko na jami'a, eh, sau da yawa collect, acquire, detect, improve, resume sun fi zama. Irin waɗannan kalmomi daga Latin da Faransanci suka shigo Turanci, musamman bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, shi ya sa har yau suke da ƙamshin ofis da kotu. Amma a magana in kana cewa I acquired some French ko kindly collect your shoes from the floor za'a gane ka, sai dai zaka yi kama da mai karanto takarda. Wanda ya iya Turanci da gaske ana gane shi ne da irin waɗannan ƙananan kalmomi, ba da manya ba. A jarrabawar magana irin ta IELTS, wato gwajin iya Turanci, ma amfani da su daidai na nuna ka saba da harshen. Collect kanta 'yan Birtaniya sun fi faɗinta a kan ɗauko mutum, Ba'amurke pick up ɗinsa zai ce.

Ka kuma kiyaye 'yan uwansa don kada su cakuɗe maka. Pick out zaɓowa ne ko ganowa daga cikin da yawa, she picked him out of the crowd, ta tsamo shi da ido a cikin taro. Pick at tsakura ne, he picked at his food, yana ta tsakurar abinci ba ya ci sosai. Pick on kuwa tsangwama ce, stop picking on him, daina tsangwamarsa, kuma shi ba'a raba shi, pick on him ake cewa, ba pick him on ba. In ka rikita shi da pick up ka ce wa abokin aikinka I'll pick on you tomorrow morning, alkawarin takura masa ka yi, ba na zuwa ɗaukarsa ba.